Samyang 14mm f/2.8: Gilashin Kyamara Ga Mai Koyon Ɗaukar Hoton Taurari

Wanda yake zaune a gefen birni, inda hasken fitilun titi yake dusashe sararin sama, zai amfana da wannan gilashi na kamfanin Samyang na Koriya ta Kudu, wanda ake sayarwa a Amurka da sunan Rokinon. Faɗinsa yana kwaso babban yanki na sama, kuma taurarin da ke kusurwoyin hoto suna fitowa a matsayin ɗigo ba tare da sun baje sosai ba, abin da gilasai masu tsada da yawa suke kasawa.

Da hannu ake saita kaifin hotonsa, saboda haka gara mutum ya ƙara girman tauraro mai haske a allon kyamara ya daidaita a kansa, maimakon ya dogara da alamar nisa da ke jikin gilashin. Gabansa a kumbure yake, ba ya karɓar matatar haske ta yau da kullum, kuma gefunan hoto suna yin duhu a f/2.8, wato idan an buɗe ƙofar shigar haske ta gilashin gaba ɗaya.

A ganina, hotuna masu yawa, kowanne an bar kyamara tana ɗaukar haske na daƙiƙa 10 zuwa 15, a haɗa su da manhajar Sequator, sun isa su fito da Kaza da 'Ya'yanta tas duk da hasken gari.