Sinokul ko filtar buɗe: amsa ga mai Land Cruiser ta gwanjo

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka tun jiya, ka ce ka sayi Land Cruiser HZJ78 a gwanjon wata ƙungiyar agaji, mai injin 1HZ, kuma kana jin kamar bata ja yadda kake so, wani bakanike yace ka cire tukunyar iyakilina, wato gidan filtar iska, gaba ɗaya ka saka filtar nan mai kamar mazurari da ake barinta a buɗe cikin bonet, wani kuma yace a'a sinokul zaka saka, wato bututun nan da ke hawa ta gefen gilashin gaba har saman mota. Toh Allah ya sanya alheri a motar, ga yadda nake ganin su biyun.

Da farko ka sani 1HZ ba injin gudu bane. Lita 4.2 ne, fistin shida, ba turbo, ƙarfinsa wajen doki 130 ne kawai a mota mai nauyin sama da tan biyu, a 1990 Toyota suka fara yinsa kuma abin da yasa ƙungiyoyi suke sonsa shine baya mutuwa da wuri kuma ko bakaniken ƙauye zai iya kwance shi. Saboda haka duk wanda yace maka canza hanyar iska zai mayar da ita kamar V8, kuɗinka yake so. Daga filtar buɗe har sinokul babu wanda zai ƙara maka ƙarfin da zaka ji a ƙafarka.

Filtar buɗe, irin na kamfanin K&N da kwaikwayonsu da suka cika kasuwa, auduga ce da aka jiƙa da mai aka saka tsakanin raga. Gaskiya ne iska tafi wucewa ta cikinta da sauƙi, injin kuma zai riƙa wani gurnani in ka taka, wannan ƙarar ce ma take sa mutum ya ɗauka mota ta ƙara ƙarfi. Amma ƙofar da iska ke bi da sauƙi ita ƙura ke bi. Lissafa ka gani, injin lita 4.2 in yana juyi 3000 a minti yana zuƙar iska kusan lita 6000 duk minti ɗaya, yanzu ka ɗauki wannan iskar ka kaita hanyar burji a watan Janairu, lokacin da ƙurar hunturu ke tasowa daga Bodele ta Chadi ta rufe gari har rana ta koma kamar farin wata, ga kuma babbar mota a gabanka tana tada nata. Ƙurar nan laushi gareta kamar garin alkama amma yashi ce, in ta shiga silinda ta haɗu da baƙin mai aikin sanfefa take yi, tana cin ringi da jikin silinda a hankali. Bazaka ji komai ba a watan farko, sai dai wata rana ka ga mota ta fara shan baƙin mai, da safe tana wahalar tashi, in ka buɗe murfin mai hayaƙi na hurowa. Ga wani abu kuma, a cikin bonet take zaune, zafin injin da na lagireto take shaƙa, iska mai zafi kuwa bata da nauyin mai sanyi, kenan ɗan abin da ka samu ta nan ka zubar ta can. Masu Hilux ta fetur mai injin 2TR ko masu dizal na zamani nasu yafi muni, don man jikin filtar yana iya ɓata sensar da ke auna iska, taka dai bata da wannan sensar amma sauran matsalar tana nan.

Sinokul shi aikinsa daban ne, baya taɓa filtar asali, wajen da iska ke shigowa kawai yake ɗagawa daga cikin fenda kusa da taya, inda ƙura tafi kauri, ya kaishi sama inda tafi sauƙi kuma iskar tafi sanyi. Filtarka ta takarda zata daɗe bata toshe ba, musamman in kuna tafiya a jere da wasu motoci. Kan sinokul iri biyu ne, akwai mai baki da ke kallon gaba, akwai mai kamar kwano ko hula wanda ke juya iska ya watsar da ƙura mai nauyi kafin ta gangara, kamfanin Donaldson suna yin masu kyau. A ƙasarmu ni mai kwanon na zaɓa, in kuma mai bakin ka samu toh in ƙura tayi yawa sassauta kilif ɗin ka juya bakin baya.

Maganar ruwa kuma a nan mutane ke yaudarar kansu. Da yawa daga motocin ƙungiyoyi da bututun Toyota na asali suke zuwa, duba taka ma ƙila akwai ko an cire an bar rami, kuma wannan na asalin don ƙura aka yishi, gaɓoɓinsa ba a liƙe suke ba. Toyota santimita 70 suka ce motar ta shiga ruwa. In zaka riƙa ratsa fadamun Hadeja da Nguru da damina sai an bi kowace gaɓa da gam, an kula da ɗan bakin robar da ke ƙasan tukunyar, an kuma ɗaga tiyon numfashin aksul da giya, in ba a ɗaga tiyon ba ko injin ya tsira man aksul zai koma kamar kunu. Injin dizal kuwa ko rabin kofin ruwa ya shiga silinda ya isa ya lanƙwasa konrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, don ruwa baya matsuwa. Mai filtar buɗe shi ko kududdufi ya faɗa da gudu yana cikin haɗari.

Inda sinokul ke cutarwa shine wajen sakawa. Sai an huda fenda, in ba a shafa fenti a bakin ramin ba tsatsa zata fara, sannan jabu sun yi yawa, robar da rana ke busarwa ta tsage cikin shekara ɗaya ko biyu. Kamfanin Safari na Ostareliya sune aka sani da inganci, in zaka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka tafi da wanda ya san kaya, ka danna robar da yatsa ka ji kaurinta.

Amma wallahi kafin ka kashe ko sisi a kan ɗayansu, yi abin da zan faɗa maka. Motar ƙungiya direbobi goma sun tuƙa ta, kuma daga lokacin da aka san za a sayar da ita ba kowa ke kula da ita ba, wata ma tayi shekara a ajiye a fili. Tawa da na saya haka na kwance tiyon da ya tashi daga tukunyar filta zuwa injin, na zura yatsa ciki, ya fito jawur da ƙura, ashe tiyon ya tsage ta ƙasa inda ido baya gani an naɗe da salatif, murfin tukunyar kuma kilif ɗaya ya karye an ɗaure da waya. Filtar kanta an sha busa ta da iskar mai faci har takardar tayi ƙananan huji, na ɗaga ta a rana ina ganin haske ta ciki. Ƙarshe sai da aka sauke injin aka canza ringi. Cikin tiyon nan ya kamata ya zama tas, ko ɗigon ƙura bai kamata ka gani ba.

In taka ta fito tas, sayi filtar takarda ta asali, zazzage kofin ƙurar da ke ƙasan tukunyar, sannan ka kaita wajen masu nozul su gwada nozul da famfon da ke fesa gas cikin injin, a duba bawul da filtar gas, mafi yawan lokaci rashin jan 1HZ daga nan yake. Bayan wannan in hanyarka ta burji ce ko daji, saka sinokul mai kwano. In cikin gari kake yawo kan kwalta barta yadda Toyota suka yita. Filtar buɗe dai kar ka bari a saka maka, ko kyauta aka baka. In ka zura yatsan ka faɗa min abin da ka gani.