Madubin USB mai rubutun "1000X": ya isa aikin gansakuka mai ƙaho?

Wannan ƙaramin maikiroskop mai kama da tocila, wanda ake jona wa waya ko kwamfuta, ya shiga hannun ɗalibai da yawa masu nazarin tsirrai a Birnin Kebbi da Aliero. Ana sayar da shi da ƙafar roba, da fitilu 8 zagaye da bakinsa, da zobe guda da ake murzawa don daidaita gani. Tambayar ita ce ko zai iya aikin gansakuka mai ƙaho, ƙaramin tsiron da ke fitar da kwanson iri siriri mai kama da ƙaho, wato dangin Anthoceros da Phaeoceros da Notothylas, waɗanda ake nema a ƙasa mai laima da inuwa a Agusta da Satumba: gefen kwalbati, bakin fadama, gindin duwatsu irin na ƙasar Zuru inda damina ta fi tsawo.

A fara da lambar da ke jikin kwali. Babu 1000 a cikinsa. Ɗora rula a ƙarƙashinsa, ka auna faɗin milimita ɗaya a kan allon kwamfutarka, ka ga da kanka. Abin da yake bayarwa ya dogara da girman allo, kuma ƙara girman hoto ba ya ƙara abin da ido zai bambance. Zoben yana kama gani a wuri biyu ne, na nesa da na kusa, tsakaninsu dishi-dishi kawai.

Duk da haka yana da inda ya yi fice, wato tantance tsiro tun a daji. Jikin gansakuka mai ƙaho shimfiɗaɗɗe ne, kore mai duhu, sau da yawa bai wuce faɗin kwabo ba, kuma idan ƙahon bai fito ba ana rikita shi da Riccia, wani shimfiɗaɗɗen ƙaramin tsiro da ke cika bakin fadama, ko da jaririn tsiron fan (fern), tsiron nan mara fure. A ganin nesa madubin yana nuna ɗigo-ɗigo masu duhu a cikin naman tsiron. Waɗannan gidajen Nostoc ne, ƙwayoyin da ke zaune a ramukan jikinsa suna kama masa naitirojin daga iska. Riccia ba ta da su. Idan ƙahon ya nuna, yakan tsage gida biyu daga sama yayin da gindinsa ke ci gaba da girma, sai a karkaɗe shi a kan farar takarda a duba launin ƙurar irin. Baƙa ko mai duhu sosai tana nuna Anthoceros, rawaya kuma Phaeoceros. Notothylas ƙahonta gajere ne, kwance a gefen jiki, wanda ido kaɗai kan wuce shi. A nan madubin ya biya kuɗinsa.

Inda ya gaza shi ne cikin ƙwayar halitta. Abin da ya sa masana ke damuwa da wannan dangi, mai nau'o'i wajen 200 zuwa 250 a duniya, shi ne a yawancinsu kowace ƙwaya kuloroplas ɗaya babba take da shi, wato koren sashen da ke haɗa wa tsiro abinci daga hasken rana, wasu da dunƙulen pirenoyid a tsakiya mai tara iskar kabon, abin da aka sani a gansakukar ruwa amma ba a sauran tsirran tudu ba. Ganin wannan yana bukatar haske daga ƙasa ya ratso tsiron, shi kuwa daga sama yake haskawa. Akwai dabara: kashe fitilunsa, ɗora gilashin samfuri a kan allon waya da aka mayar fari fes, ka sa bakin gefen tsiron inda ya fi siriri cikin ɗigon ruwa. Za ka hango koren dunƙule ɗaya-ɗaya a ƙwayoyin. Pirenoyid kuwa, da zanen da ke bayan ƙwayar iri, wanda da shi ake raba nau'i da nau'i, sai babban maikiroskop na ɗakin gwaji.

Ƙafar robar ba ta da kirki. Da ka taɓa zoben, hoton ya gudu. Ɗaure shi da maƙalar ƙarfe, kuma kada ka danna maɓallin hoto da ke jikinsa, ɗauki hoton ta manhaja. Jiƙaƙƙen tsiro yana mayar da hasken fitilun, ya wanke hoton fari fat, don haka a tsane ruwan da tishu, a rage fitilun, a haska daga gefe. Ba kowace waya ke karɓar madubin ba, a gwada da OTG, wato mahaɗin da ke jona USB da waya, a shago kafin a biya.

Ga mai shirin tura samfuri gwajin DNA, amfaninsa mafi girma wajen wanki ne. Tun 2020 aka fitar da kundin gado, wato jerin DNA, na Anthoceros agrestis da A. punctatus da A. angustus, kuma nazarin zamani ya fi karkata ga cewa wannan dangi ya raba hanya da sauran gansakukan tudu tun sama da shekara miliyan 400. Amma gwajin tsiron daji yakan lalace saboda datti: ƙasa, naman gwari, wani tsiro da ya manne, da Nostoc ɗin kansa. A wanke da ruwa mai tsabta, a duba ƙarƙashin madubin, a cire saiwoyi masu ƙasa da ɗigon Nostoc da allura, ko a ɗebi korayen ƙahonni kawai. A sa a ƙaramar ambulan ta takarda, a rufe cikin roba mai murfi da silika mai tsotse laima kamar ninki 10 na nauyin tsiron. Leda ba silika tana dafa shi a zafin rana, ya yi fumfuna kafin a iso gari.

Ɗalibi mai tattara samfuri ya saya, ya haɗa da madubin hannu mai 10X ko 20X. Wanda aikinsa ya tsaya kan sa wa tsiro sunan nau'i, ya nemi lokaci a ɗakin gwajin sashensa, wannan ba zai kai shi ba.