Takunkumin KN95 a hayaƙin titunan Accra: me yake tarewa, me ya fi ƙarfinsa?

Tun zamanin korona takunkumin KN95 bai bar kemis-kemis na Nima da Mamobi ba. Masu sayensa dai sun canza. Yanzu 'yan okada ne, da yaran trotro (ƙananan bas na haya), da mata masu kasa kaya a bakin titi a Circle da Kaneshie, waɗanda ke wuni salansar mota na hura musu hayaƙi a fuska. To, ya cancanci kuɗinsa? Ya cancanta, amma da sharaɗi.

Abin da ya kamata ya tare shi ne ƙurar da likitoci ke kira PM2.5. Kaurin gashin kai ɗaya ya ninka ta kusan sau 30, don haka hanci ba ya iya tace ta. Takan gangara can cikin huhu, mafi ƙanƙantarta ta shiga jini, ta tayar da asma, ta ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kansar huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar waje ta yi ajalin mutum miliyan 4.2 a 2019. Ghana ta rage sinadarin salfa a man dizal daga 3,000 zuwa 50 cikin miliyan a 2017, amma tsohon inji mai cin baƙin mai bai san da wannan doka ba. Idan hazon hunturu ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura ta haɗu da hayaƙi.

Ta fuskar tacewa, KN95 na gaske ba shi da laifi. Yana kama kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura a gwaji, abin da ƙyalle da shuɗin takunkumin asibiti ba sa ko kusantowa. Sirrin yana shimfiɗar tsakiya, wadda aka yi wa cajin lantarki tana fizgo ƙura kamar maganaɗisu. Shi ya sa wanki ke kashe shi: sabulu ko sanitaiza na taɓa shi, cajin ya tafi, ko da ya fito fes a ido.

Rauninsa igiyar kunne. Ba ta matse fuska sosai, iska kuwa ba ta bin hanya mai wuya in akwai mai sauƙi, sai ta kutsa ta gefen hanci da kumatu. A lanƙwasa ƙarfen hancin da yatsun hannu biyu, ba a tsunkule shi da hannu ɗaya ba, domin tsunkulen na barin kafa a tsakiya. Sannan a rufe takunkumin da tafin hannu a fitar da numfashi da ƙarfi. In iska ta taɓa ido ko tabarau ya dushe, akwai ɓaraka. Haɗa igiyoyin biyu a ƙeya da ɗan zare yana gyara da yawa. Masu gemu kuwa sai haƙuri, gashi ba ya barin bakin takunkumin ya zauna daram. N95 mai igiya biyu da ke zagaye kai, irin 3M 8210, ya fi kama fuska, ɗan okada da ya same shi ya fi dacewa.

Jabu ma ya yi yawa. Na gaske yana ɗauke da tambarin GB 2626 (lambar ƙa'idar ingancinsa ta China) da sunan kamfani a jikinsa, N95 kuma da sunan NIOSH (hukumar Amurka mai tantance shi) da lambar da ta fara da TC. Wanda aka rubuta wa KN95 kawai, a bar wa mai shi.

Akwai abin da ba ya iya yi sam. Iskar gas da ke cikin hayaƙi, irin kabon monoksaid mai sa ciwon kai da jiri, tana ratsa shi kamar babu komai. Mai soya ƙosai kusa da inda trotro ke lodi ta fi amfana da matsar da teburinta nesa da salansa, ta zauna inda iska ke kaɗa hayaƙin gaba.

A zafin Accra gumi kan jiƙa shi kafin azahar, jiƙaƙƙe kuma yana wahalar da numfashi. Gara a riƙe biyu ko uku ana musanyawa, a shanya a inuwa, a ajiye cikin ambulan ta takarda ba leda ba. In igiya ta saki, ko ciki ya yi datti, ko jan numfashi ya yi nauyi, a jefar. Ba a sa wa yaro ƙasa da shekara 2, kuma mai ciwon zuciya ko tsananin asma ya fara jin ta bakin likita.