Prime95 a shagona: wata bakwai ina farautar lamba da wutar sola

Laftof 'yan gwanjo ne suka haɗa ni da Prime95. Ina da ɗan shago a Birnin Kebbi, ina buga takardu da fotokwafi, ina kuma saro kwamfutoci na hannu daga Kano ina sayar wa ɗalibai, galibi 'yan Kalgo da 'yan Aliero. Halin na hannu kowa ya san shi: a shago lafiya lau, sai an kai ta ɗaki ta kwana uku ta fara mutuwa da kanta ana tsakiyar rubuta firojet. Sau biyu aka dawo mini da kaya ana huci. Wani abokin sana'a ne ya ce kada in ƙara biyan kuɗin kwamfuta sai na sa mata wannan manhaja ta yi ko da awa ɗaya.

Kyauta ce, kuma ba ta da nauyi. Ranar da ka fara buɗe ta za ta tambaye ka abu biyu: ka zo shiga farautar lambobi ne, ko gwajin inji kawai ka zo yi? Ni gwaji na zaɓa. Abin da take yi shi ne ta ɗora wa kwamfuta lissafi mai nauyin gaske wanda an riga an san amsarsa, ta yi ta kwatantawa. Injin da yake da lafiya zai yi ta gumi yana bayar da amsa daidai. Mai ciwon ɓoye kuwa, ko a RAM ko a wajen sanyaya, ko dai ya kawo amsar banza ta tsayar da aikin, ko ya ɗauke gaba ɗaya. A cikin guda shida da na fara gwadawa, biyu ba su kai minti ashirin ba. Na mayar wa mai su ya canja mini. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko ɗaya, kuma ba ni kaɗai ta taɓa yi wa rana ba: a farkon 2016 da ita aka gano wani aibi a firosesan Intel samfurin Skylake, wanda kamfanin da kansa ya amince da shi ya fitar da gyara.

Zaɓi na biyun ne ya yi ta yi mini ƙaiƙayi. Na karanta lissafi a NCE kafin kasuwa ta janye ni, don haka na san lambobi marasa rabuwa, irin su 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda babu abin da ke raba su daidai sai 1 da su kansu. Masu wannan manhaja, wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta intanet mai suna GIMPS, wani jinsi ɗaya suke bi daga ciki. Ka ninka 2 da kanta sau kaza, ka cire 1. Sau biyu ya ba ka 3, sau uku 7, sau biyar 31, sau bakwai 127, duk marasa rabuwa. Sai ka ɗauka an samu hanya. Ka gwada sau 11 ka samu 2047, wanda 23 sau 89 ne. Shi ke nan, dole kowace sai an zauna an gwada ta. Ana kiran su da sunan Marin Mersenne, wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma duk tsawon tarihi marasa rabuwa 52 kacal aka sani a cikinsu.

George Woltman, Ba'amurke, shi ya kafa aikin a 1996, da tunanin cewa kwamfutocin gida suna ɓata mafi yawan lokacinsu a zaune, to me zai hana a raba musu aikin kamar gayya? Kowa a yanka masa kuyya ɗaya. Daga lokacin sun samo 18. Wadda ta fi kowace girma an same ta a Oktoban 2024: a ninka 2 da kanta sau 136,279,841, a cire 1. Tana da alƙaluma 41,024,320. Da yake takarda ce sana'ata, na zauna na lissafa: idan kowane shafi ya ɗauki alƙaluma 3,000, sai na buga shafi 13,675, wato rim 27 da ɗoriya, don lamba ɗaya tak. Yarona na shago ya ce ko kyauta aka ba shi aikin ba ya so.

Labarin da ya ja ni shi ne na Jonathan Pace, wani injiniya a jihar Tennessee, wanda ya yi shekara 14 yana bari kwamfutoci suna aikin, har a Disamban 2017 wata kwamfuta ta majami'arsu ta faɗo kan sabuwar lamba. Ana kuma bayar da dala 3,000 ga wanda ya samo. Ba zan yi ƙarya ba, na ninka dala 3,000 da farashin naira a kalkuleta kafin na yi rajista.

Na sa ta a kan tsohuwar kwamfutar tebur ta shago a watan Nuwamba. Rajista ba wuya, sai dai komai da Turanci ne, fuskar manhajar kuma kamar ta zamanin da muke koyon kwamfuta a kafe: farin allo, layukan lambobi, babu ado. Uwar garkensu ta ba ni lambata, manhajar ta ce saura kwana talatin da wani abu. Abin da ya burge ni tun makon farko shi ne ladabinta. Tana aiki ne da ragowar ƙarfin inji, da zarar na buɗe Word ko CorelDRAW sai ta ja gefe, ban taɓa jin aikina ya yi nauyi ba. Tana kuma ajiye inda ta kai duk rabin awa, don haka in wuta ta ɗauke ba a komawa farko. Wanda ya tsara wannan kamar ya taɓa zama a unguwarmu.

Amma kwana talatin ɗin nan na mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa ne. Akwai wurin da take tambayar awa nawa kwamfutarka ke aiki a rana, na rubuta 24 don son zuciya. Gaskiyar magana bai wuce tara ko goma ba, ƙarfe tara na safe zuwa magariba, a kan sola. Da na gwada barin ta da dare, batiran inbata suka ƙare kafin asuba, na wayi gari ba abin da zan tayar da injin fotokwafi da shi, ga mutane tsaye da takardun neman aiki. Laifina ne, ban sake ba. Lambar farko ta ci wata uku da 'yan kwanaki. A ƙarshe kuma manhajar ta tura wani fayil na shaida da ya haura megabait 100, wanda da shi wata kwamfuta za ta tabbatar ba a yi kuskure ba. Mai sayen data da ƙwandala ya san da wannan. Ban da shi, data kaɗan take ci.

Sakamakon layi ɗaya ne: lambarka tana rabuwa. Ba biki, ba tafi. Na tsaya ina kallon allon kamar mai su da ya jawo koma babu ko ƙaramin tarwaɗa.

Kawuna, wanda ke da shagon hatsi kusa da ni, ya daɗe yana jin ƙugin fanka. Rannan ya leƙo ya ce, "Kai ɗana, wanga inji naka mi shika yi tun safe ba kowa gabanai?" Na ce, "Kawu, lamba yake nema." Ya ce ta waya? Na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce to in an same ta ana sayarwa? Na ce a'a, ana dai rubuta sunan mutum. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah shi ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mai haƙar rijiya a kan dutse.

Kawu bai yi kuskure ƙwarai ba. Kwamfutar tebur da ke aiki da dukan ƙarfinta tana iya jan wat 100. A bar ta dare da rana, yunit 72 ke nan a wata. Mai mita ya lissafa da kansa, mai janareta kuwa kada ma ya fara. Kuma wanda ya samo ta 2024, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne, bai yi da kwamfutar ɗaki ba, hayar dubban manyan katunan GPU, masu saurin lissafi, ya yi a cibiyoyin bayanai na ƙasashe 17. Da irin waɗannan tsohuwar tawa take tsere. Wanda ya shiga don dala 3,000, ko don dala 150,000 da wata gidauniya ta Amurka mai suna EFF ta ajiye wa wanda ya fara samo mai alƙaluma miliyan 100, gara ya sa kuɗin wutarsa a adashi.

Sai bazara ta shigo. Ƙurar hunturu ta riga ta cika cikin akwatin ban sani ba, ga zafin Afrilu na Birnin Kebbi da ko mutum neman inuwa yake. Zafin firosesa ya haura digiri 90, injin ya fara rage gudu da kansa. Na buɗe, na busa, na sauya man sanyaya, na kuma rage yawan ƙwayoyin firosesa da manhajar ke amfani da su zuwa rabi. A kan laftof kam ba na ba kowa shawarar barin ta tana farauta, balle a kan katifa. Awa ɗaya ko biyu na gwaji ya isa.

Daga baya na sauya nau'in aikin da nake karɓa. Akwai ƙananan ayyuka, kamar sake duba lambar da wani ya gwada shekarun baya, ko neman ƙaramar lambar da za ta raba babbar a cire ta daga layi tun kafin a ɓata mata wata guda. Waɗannan sun fi dacewa da mai wutar rabin rana, don aikin da aka ba ka yana da wa'adi, in ka daɗe sai a miƙa wa wani. Na yi sake-duba guda biyu, duka amsata ta zo daidai da ta mutumin farko, wanda ban san ƙasarsa ba. Wannan ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Da na shiga shafinsu na ga sunan shagona a gefen lambar, na kira yarona ya zo ya gani, ya ce, "Oga, to yanzu nawa za su turo?"

Yanzu tsarin da na tsaya a kai shi ne daga sha ɗaya na safe zuwa la'asar, lokacin da batira suka cika, rana kuma tana zuba wutar da ba ni da inda zan kai ta. Lamba ta huɗu da aka ba ni tana kashi 61 cikin ɗari. Jibi kuma kaya za su iso daga Kano, laftof takwas, kuma filashin da ke ɗauke da manhajar yana cikin aljihun rigata.