Littafin atisaye ko manhajar waya: wanne za a saya wa ɗan sakandare?

Malam, tunda ka ce ɗaya kawai za ka ɗauka wa yaron, ko littafin atisayen lissafin aikace ko rajistar manhajar nan da ake ɗaukar hoton tambaya ta warware, to ka sayi littafin. Duka biyun sun shigo gidana. Littafin har yau yana kan teburin 'yata, bangonsa ya yage mun liƙe shi sau biyu. Manhajar kuwa tun da wa'adin da na biya ya ƙare ban sake waiwayarta ba.

Wahalar lissafin aikace ba a wurin ninkawa da rabawa take ba. Yaro da ya kai babbar sakandare ya iya wannan, in ma ya manta kalkuleta na nan. Inda yara ke faɗuwa shi ne layi uku ko huɗun nan na labari da ake buɗe tambaya da su: mota tana tafiya da gudu kaza, direba ya taka birki, ta tsaya bayan mita kaza, nemo kaza. Dole yaro ya zauna ya tsamo abin da aka ba shi, ya gane abin da ake nema, ya yi zane, ya zaɓi fomular da ta dace a cikin huɗu ko biyar masu kama da juna. Wannan shi ne darasin, sauran duk cikon aiki ne. Kuma wannan matakin ne manhajar take ɗauke wa yaro tun kafin ya gwada kansa.

Ga abin da ya faru a gidana. Wata rana da daddare 'yata tana fama da wata tambaya a babin motsi. Mota tana gudun kilomita 72 a awa ɗaya, an taka birki ta tsaya bayan mita 50, ana neman yadda gudunta yake raguwa. Ta ɗauko fomular da ta dace, wato v² = u² + 2as, inda u yake gudun farko, v gudun ƙarshe, s nisa, a kuma sauyin gudun da ake nema, ta zuba 72 a gurbin u, ta samu 51.84. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi za ta wuce. A gefen misalin da ya gabaci tambayar, marubucin ya sa wata 'yar tunatarwa, cewa kafin ka bar amsa ka tambayi kanka ko abin zai iya faruwa a zahiri. Sai na ga ta yi shiru tana kallon lambar. Can ta ce, "Baba, abu idan ya faɗo daga sama 9.8 ne ƙaruwar gudunsa a kowace daƙiƙa. Wannan ya ninka shi fiye da sau biyar. Ai babu motar da birkinta zai yi haka." Ban ce mata komai ba. Ta koma ta ga cewa nisan a mita yake, gudun kuwa a kilomita da awa. Ta mayar da 72 ɗin mita 20 a daƙiƙa, amsa ta fito 4 cif.

Abin da ya biyo baya ne ya fi faranta min rai, don ba wanda ya sa ta. Ta ce bari ta ga in gudun ya ninka. Ta sa mita 40 a daƙiƙa da birki iri ɗaya, sai nisan tsayawa ya fito mita 200. Gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ya ninka sau huɗu, saboda a fomular gudun ana ninka shi da kansa ne. Ta ɗago ta ce yanzu ta gane dalilin da ya sa ake hana gudu a kusa da makarantu. Wallahi a daren nan na san kuɗin littafin ya fita. Tun daga ranar ba ta sake zuba lamba a fomula ba sai ta duba ma'aunin da aka ba ta.

Da manhajar ce a hannunta a daren, da hoto za ta ɗauka, amsar 4 ta fito da matakanta a tsare, ta kwafe, ta kwanta tana ganin ta iya. Haka muka yi ta yi tsawon zango guda kafin littafin ya shigo. Aikin gida yana dawowa da maki cikakke, gwajin aji kuma yana dawowa da abin da ba ya faɗuwa. Na daɗe ban gane bakin zaren ba, har sai da na zauna kusa da ita na ga yadda take aikin. Karanta warwarar wani yana da daɗi, kowane layi ka gani sai ka ce ai haka ne. Amma gani ba ci ba ne. A rufe shafin a ba ka farar takarda, a nan ake sanin wanda ya iya.

Ba ni kaɗai na lura da haka ba. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karatun abu, wasu kuma aka sa su tuno shi da ka. Bayan mako guda waɗanda suka sha wahalar tunowa su ne suka fi riƙe abin. A fannin lissafi kuma Rohrer da Taylor sun nuna a 2007 cewa ɗaliban da aka cakuɗa musu nau'o'in tambayoyi wajen atisaye sun fi waɗanda suka yi ta yin iri ɗaya a jere ƙoƙari a gwajin da ya biyo baya, duk da cewa a lokacin atisayen sun fi yin kuskure. Dalilin a fili yake. In babin gaba ɗaya na fomula ɗaya ne, yaro ba ya buƙatar tunanin wacce zai ɗauka. A zauren jarrabawa kuwa babu kan babi a saman tambaya.

Haƙƙin manhajar dai ba zan danne ba: tana da amfani wajen duba amsa bayan yaro ya gama nasa, kuma tana zana jadawali da kyau. Sai dai wannan ba sai ka biya ba, manhajojin GeoGebra da Desmos suna yin zanen kyauta.

Amma fa ba kowane littafi ba. Akwai masu kauri da ba su da komai sai tambayoyi jibge, a ƙarshe a jero amsoshi, 1 kaza, 2 kaza, babu bayanin yadda aka kai can. Irin wannan na malami ne da zai zaɓo wa aji aiki, yaron da ke zaune shi kaɗai ba abin da zai ƙara masa sai takaici. Wanda nake nufi shi ne mai buɗe kowane babi da misalai biyu ko uku da aka warware daki-daki, da zane, da dalilin kowane mataki, sannan tambayoyi su fara daga masu sauƙi su riƙa tsauri, sannan bayan kowane babi uku ko huɗu a kawo atisayen da aka gauraya. A baya kuma a samu cikakkiyar warwara, aƙalla ga tambayoyi masu wuya. Ka buɗe babin ƙarfi da motsi ka gani. In ana warware tambayar abu a kan gangare ba tare da an zana kibiyoyin ƙarfin da ke aiki a kansa ba, wato nauyinsa, da turin da gangaren ke yi masa, da gogayya, to ka ajiye shi. Dokar Newton ta biyu, F = ma, gajera ce, yaro zai haddace ta a minti ɗaya. Gane wane ƙarfi ne zai shiga gurbin F ɗin, da wane ɓangare yake fuskanta, shi ne aikin, kuma da zane ake koyonsa.

Littafinmu yana bin tsarin da wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hungary, George Pólya, ya shimfiɗa tun 1945: ka fahimci tambayar, ka tsara hanya, ka bi hanyar, sannan ka waiwaya ka duba. Na huɗun nan ne yara ba sa yi, kuma shi ne ya ceci 'yata a tambayar motar. In ka samu littafin da yake nacin waiwaye a misalansa, kada ka sake shi.

Wani abin da na so a cikinsa, yana tura yaro waje. Akwai shafin da ya ce a auna tsawon doguwar bishiya ko sandar lantarki ba tare da an hau ba. Ka tsaya mita 20 daga gindinta, ka auna kusurwar da idonka ya ɗaga zuwa samanta, a ce digiri 35. Ka ninka 20 da tan 35, za ka samu kusan mita 14, ka ƙara tsayinka daga ƙasa zuwa ido. Mun yi da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi da zare da ɗan dutse. A nan ma mun ci karo da wani tarko da ya kamata ka nuna wa yaronka. Kalkuletar ta koma radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban da digiri, ba mu sani ba, sai ta ba mu kusan mita 9 da rabi. Lamba ce da ba ta yi kama da kuskure ba, shi ya sa take da haɗari. Maganinta sauƙi: kafin ya fara kowane aikin kusurwa ya danna sin 30. In ya ga 0.5, tana kan digiri. In ya ga lamba mai alamar ragi, kusan 0.988, to tana kan radiyan, ya gyara. Kalkuletar kimiyya dai dole ce ko da wanne ka zaɓa, kuma ya riƙa atisaye da wadda zai shiga jarrabawa da ita, don yatsunsa su saba da maɓallanta. Waya ba za ta bi shi zauren ba.

Haka a babin faɗowar abu. Littafin bai tsaya ga ba da fomula ba, ya sa a lissafa nisan da dutse zai yi: mita 4.9 a daƙiƙar farko, 19.6 bayan biyu, 44.1 bayan uku. Sai ya ce a cire na baya daga na gaba. Aka samu 4.9, da 14.7, da 24.5, wato 4.9 sau ɗaya, sau uku, sau biyar. Wannan tsarin Galileo ya gano shi shekaru ɗari huɗu da suka wuce yana gangaro da ƙwallo a kan katako. Yaro da ya gano shi da alƙalaminsa ba zai manta dalilin t², wato lokaci a ninka da kansa, a fomular faɗowar abu ba.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma gara in faɗa maka. Akwai masu bugun jabu na littattafan lissafi, kuma a lissafi jabu ya fi cutarwa fiye da a kowane darasi. In bugu ya dusashe a littafin tarihi za ka iya hasashen kalmar. A nan kuwa ƙaramar 2 da ke saman x sai ta koma kamar 3, alamar ragi ta ɓace, ɗigon da ke tsakanin 9 da 8 ya gudu. Yaro ya yi aikinsa daidai, amsar baya ta ce masa ya yi kuskure, ya shafe awa yana zargin kansa. Na taɓa sayen irinsa saboda sauƙin kuɗi, sai da muka kai tsakiya muka tarar shafuka goma sha shida na warwara babu su sam. Araha ba ta ado. Kafin ka biya ka buɗe da hannunka, ka bi lambobin shafi har ƙarshe, ka duba ko zane-zanen sun fito tas, ka zaɓi tambaya ɗaya mai sauƙi ka lissafa a tsaye ka gwada da amsar baya. In mai sayarwa ya hana ka cire ledar, ka nemi ya nuna maka wani buɗaɗɗe, in ya ƙi ka bar masa kayansa. Ka kuma tafi da jerin darussan da hukumar jarrabawar yaron ta fitar, domin za a iya miƙo maka tsohon bugu a ce sabo ne, alhali an sauya tsarin darussan.

A ɓangaren waya kuma ka kula da gwajin kyauta na 'yan kwanaki da ake neman lambar katinka tun farko. Da yawa suna sabunta kansu su ciri kuɗi in ba ka soke ba. Masu turo saƙo cewa suna da tambayoyin da za su fito a jarrabawa kuwa, kada ka ko amsa musu. Ko dai tsofaffin tambayoyi ne suka sauya wa shekara, ko kuma su jefa yaronka cikin laifin da zai sa a soke masa sakamako.

In littafin ya zo, ka haɗa masa da littafin rubutu guda na musamman. Tambaya biyar ko shida a rana sun isa, kullum, sun fi hamsin a ranar hutu. Ya karanta misali, ya rufe, ya sake warware shi da kansa kafin ya shiga atisaye. Kada ya leƙa baya sai ya yi minti goma yana gwadawa. Duk wadda ya faɗi, ya rubuta a gefe abin da ya jawo, ko ma'auni ne, ko zane, ko zaɓin fomula, ya sa mata alama ya dawo mata bayan mako guda. Mu da jan biro muke yi. Shafin warwarar ma da farko ni na riƙe shi, na yanke shi daga littafin na sa a aljihun tebur, sai ta gama nake miƙa mata. Bayan wata biyu ta daina tambayata shi sai ta kammala babi.

Ka duba min wace hukuma ce za ta yi wa yaron jarrabawa da ajin da yake, sai in faɗa maka babin da ya kamata ya fara da shi. In dai lissafin kusurwa bai zauna masa ba, daga nan zai fara, don babin ƙarfi gaba ɗaya a kansa yake tsaye.