Hattara da masu tallan ashwagandha a WhatsApp

Jama'a, don Allah a yi hattara. Wata mai talla a WhatsApp ta sayar wa yayata garin magani a roba da sunan ashwagandha, ba lambar NAFDAC, ba ranar ƙarewar aiki, sai takardar da aka manna mai hoton doki da rubutun "daga Indiya kai tsaye". Naira dubu 18 ta biya. Wai yana maganin damuwa da rashin barci da hawan jini da ciwon suga, har da rashin haihuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne saƙon muryar da matar ta turo: "Hajiya, ki ajiye ƙwayoyin asibitin nan, su ke cinye miki ƙoda." Yaya kuwa ta ajiye. Mako uku bayan nan muka kwashe ta zuwa asibiti tsakar dare, kai na sara mata, jini ya hau. Da muka nemi matar sai ta toshe lambobinmu. Yanzu ta buɗe sabon zaure da wani suna, tana neman "wakilai" su biya kuɗin katan kafin a turo kaya.

Ashwagandha dai tsiro ne na gaske. Masu maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurbeda, sun daɗe suna daka saiwarsa su ba mutum da madara don gajiya da rashin barci. Ana noma shi sosai a jihohin Madhya Pradesh da Rajasthan. Ma'anar sunan a harshen Sanskirit "warin doki", saboda irin warin da saiwar ke yi ke nan. Ni da na buɗe robar Yaya, ƙanshin citta ne ya bugi hancina.

Ko na ainihin ma ba a shansa da ka. Gwaje-gwajen da suka nuna yana ɗan rage damuwa ƙanana ne, na makonni kaɗan. Ƙasar Denmak ta hana sayar da shi a 2023 saboda fargabar yana taɓa aikin maƙoƙo da sinadaran haihuwa, kuma yana iya zubar da ciki. Likitoci a Aisland da Amurka sun ba da rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu bayan sun sha shi, idanunsu suka yi rawaya. Mai ciki da mai shayarwa su nisance shi. Wani bincike kuma da aka yi a Amurka a 2008 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurbeda da aka saya ta intanet na ɗauke da dalma ko zaiba ko wata gubar. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Wanda ya riga ya saya, ya daina sha, ya kai robar wurin likita ko mai harhaɗa magunguna, ya faɗi tun yaushe yake sha. In akwai lamba a jiki a duba ta a shafin NAFDAC, don ana buga ta bogi. Kada a goge saƙonnin mai tallan da shaidar tura kuɗin, da su za a kai ƙara. Namu na tattara su, ranar Litinin zan kai tare da robar. Yaya ta koma kan ƙwayoyinta, alhamdulillahi.