Canjin man giya a wani gareji kusa da Ƙofar Ƙaura

Motata Toyota Corolla ce ta 2006 mai giya otomatik, kuma da ta fara fizga wajen shiga giya ta biyu, sai na kai ta wani gareji a Katsina. Makanikin bai yi gaggawa ba: ya bar injin yana aiki har ya ɗauki zafi, ya ajiye giyar a P, wato fakin, sannan ya zaro sandar awon man giya ya shafa a farin kyalle. Man da ya kamata ya zama ja ya koma ruwan ƙasa, yana warin ƙuna. Ya tsiyaye shi, ya zuba sabon man giya samfurin T-IV kimanin lita 3, fizgar ta ragu ƙwarai. Kuɗin aikinsa dai ya ɗan yi tsada, kuma babu wurin zama sai benci guda a rana.